Injin tatsar nono mai bokiti ɗaya da takin supa, abin da na gani a garkena

Jama'a masu kiwon shanun madara, ga bayanin da kuke ta tambayata a kan injin tatsa ɗin nan na turawa mai taya biyu da bokitin silba, irin ƙirar Turkiyya da ake kawowa Kano da Kaduna. Zan haɗa da maganar takin supa, wato takin zamani mai sinadarin fosfaras, don tare na saye su kuma a wurina maganarsu ɗaya ce.

Injin dai yana aiki, wannan kam ba ƙarya. Iska yake zuƙa, kofuna huɗu ne masu roba a ciki kana maƙala su a kan nonon saniya, yana matsawa yana saki kamar sau 60 a minti ɗaya, agogonsa mai nuna ƙarfin zuƙar iska kuma ana barinsa tsakanin 40 zuwa 50, in ka wuce haka za ka ji wa dabba ciwo. A kan shanuna 'yan aure, wato haɗin Firiziyan da Bunaji irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana yi, cikin minti shida ko bakwai ya gama da saniya, nonon ya tafi cikin bokiti a rufe babu ƙuda babu gashi babu ƙura, masu karɓar madara ma in sun yi gwajinsu ba sa dawo min da ita.

Amma Bunaji zalla fa labari ya sha bamban. Na farko saniyar gida ba ta sakin nono sai ta ga ɗan maraƙinta ya fara tsotsa, ƙarar inji ma firgita ta take yi ta riƙe nonon gaba ɗaya, sai an lallaɓa ta a hankali kafin ta saba. Na biyu robar da ke zuwa da injin an yi ta ne don shanun Turawa, kan nonon wasu daga cikin namu ƙanana ne sai ka ga kofin yana zamewa yana shan iska. Na koma shagon da na saya neman ƙaramar roba suka ce babu, ko irin wadda ta zo da shi ma sai an yi oda, alhali robar nan ana so a canza ta duk wata shida ko bayan tatsa 2,500, in ta tsattsage nan ƙwayar cuta ke ɓuya ta riƙa yawo daga wannan saniya zuwa waccan har kumburin hantsa ya shiga garke. Wallahi wannan ya ɓata min rai, ka sayar wa mutum inji mai tsada ba ka ajiye kayan gyaransa ba. Ga wuta, dole janareta ko sola mai ƙarfi, ga wanki safe da yamma, a fara ɗauraye da ruwa mai ɗumi sannan ruwan zafi da sabulunsa, wanda ba shi da wadataccen ruwa a gona kar ma ya fara.

To abin da nake so 'yan'uwa su gane shi ne inji ba ya ƙara nono ko cokali ɗaya, abin da ke hantsa shi zai jawo. Saniyar da ke ba ka lita ɗaya ko biyu da hannu shi za ta ba inji. Inda na ga canji na gaske shi ne a fegin ciyawa, kuma supa ne ya kawo shi.

Ƙasarmu ta arewa tana da ƙarancin fosfaras sosai, shi ya sa tun zamanin dalar gyada manoma suka san supa, har masana'antarsa aka kafa a Kaduna. Lablab, wato wani irin wake da ake shukawa don dabbobi, da wake da gyaɗa ba su damu da yuriya ba don suna samo nasu sinadarin daga iska, supa suke so saiwa ta kama ganye ya cika. Na zuba shi a fegin lablab da na ciyawar Nafiya, gefen da ya samu ya rufe ƙasa ruf, harawar da na ɗaure ta kai ni tsakiyar rani, kuma a lokacin da nono ke ƙafewa a wurin kowa nawa bai faɗi warwas ba. Shanun da a da suke tauna ƙashi da itace, wanda alama ce ta rashin fosfaras a jiki, sun rage, sai dai a nan har da gishirin lasa da nake ba su, ba zan jingina wa taki duka ba.

Sai dai a binne shi lokacin shuka kusa da iri, don ba ya tafiya cikin ƙasa kamar yuriya, in ka watsa a sama asara ce. Kuma a duba lambar buhu. Ƙarfin fosfaras ɗin supa yana tsakanin kashi 16 zuwa 20 ne amma yana ɗauke da farar wuta da kalsiyam, takin DAP kuwa irin wanda ake kawowa daga Maroko kashi 46 ne, buhu ɗaya ya fi biyu na supa ƙarfi. Matsalar supa kawai samunsa, shaguna da yawa kamfa za su tura maka su ce ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne.

Don Allah kar wanda ya haɗa takin nan da kanwa ko dusa ya ba dabba wai don ta samu fosfaras, akwai fuloraid a ciki da ke lalata haƙori da ƙashi, a je shagon maganin dabbobi a nemi DCP, wato garin fosfaras da kalsiyam da aka yi don dabbobi.

Mai shanu 'yan aure goma zuwa sama, in yana da wuta da ruwa, ya sayi injin amma ya haɗa da robar canji tun a ranar. Mai Bunaji biyar ko shida ni shawarata ya bar inji tukuna, ya sa kuɗin a supa da irin lablab da waya ya kewaye fegi kafin ruwan Yuni ya zauna.