Allurar fakta 8 da muke yi wa ɗana: ra'ayina a kanta, mai daɗi da mara daɗi

Salam 'yan uwa, musamman iyayen da likita ya gaya wa ɗansu na da himofiliya, wato ciwon da jini ba ya saurin daskarewa ya tsaya, suka dawo gida suka kasa barci. Ina so in faɗi gaskiyar abin da na gani a allurar fakta 8, wato ɗaya daga cikin sinadaran da ke sa jini ya daskare, don na san akwai masu tsoronta, akwai kuma masu zaton da an yi sau ɗaya shikenan an warke. Ba ta warkarwa, aro take ba jini abin da ya rasa na ɗan lokaci, amma wallahi wannan aron ba ƙaramin abu ba ne.

Yarona himofiliya A gare shi, wato fakta 8 ne ya yi ƙaranci a jininsa, nashi ma mai tsanani ne, ƙasa da kashi 1 cikin 100. Masu himofiliya B su fakta 9 suka rasa, kuma ba a musanya, don Allah kar wani ya karɓi ta ɗan wani ya yi wa nashi. Mutane suna ɗauka yanka ne abin tsoro, alhali abin da ke nakasa yaran nan jinin da ke zuba ta ciki ne, a gwiwa da gwiwar hannu da idon sawu, ba ka ganin ko ɗigo amma gaɓar tana ta lalacewa.

A kwali take zuwa, kwalbar farar hoda da ruwan haɗi da sirinji da 'yar allura mai fukafukai. Haɗawa ba wuya in nas ta nuna maka, juya kwalbar ake a hankali har ta narke, ba a girgizawa don kar ta yi kumfa, kuma in an haɗa ba a ajiyewa, yawancinsu cikin awa 3 ake so a yi. Yawan da za a yi likita ne ke lissafawa da nauyin yaro, kusan yunit 1 a kowane kilo yana ɗaga fakta 8 da kashi 2, shi ya sa in yaro ya ƙara girma dole a koma a sake lissafi.

Inda ta burge ni shi ne in aka yi ta da wuri. Yaro yana riga ka sani, zai ce gwiwarsa na masa ɗumi ko wani yam-yam tun babu kumburi, to in ka yarda da shi ka yi masa a lokacin, ka ɗora ƙanƙara a tsumma ka ɗaga ƙafar ya huta, sau da yawa washegari yana takawa, amma in aka tsaya ana cewa bari mu gani har gwiwa ta cika ta yi zafi, sai an maimaita allura kwana da kwanaki ga kuka ga fashin makaranta, kuma gaɓar da ta saba zubar jini ita ce ke ta maimaitawa. Shi ya sa nake ganin koyon yin ta a gida rabin maganin ne.

To ga inda take da wahala. Ba ta daɗewa a jiki, cikin awa 8 zuwa 12 rabinta ya tafi, don haka mai yin ta ta rigakafi, wato tun kafin jini ya fara zuba, sai kamar sau uku a sati, kuma ta jijiya ce ba ta tsoka ba. Neman jijiya a hannun ƙaramin yaro yana fizge-fizge, wannan sai wanda ya gwada. Abin da ke taimaka mana, ya sha ruwa sosai tukuna, a ɗumama hannun, a zauna inda akwai haske, kuma kar ya ga tsoro a fuskarka. Ajiya ma sai da kula, firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, ban da firiza, wasu kamfanonin sun yarda a ajiye a ɗaki na wasu watanni, a dai karanta takardar cikin kwalin.

Babban abin da nake so kowa ya sani shi ne inhibita, wato garkuwar jikin yaro ta ɗauki maganin a matsayin baƙo ta riƙa kashe shi. Kusan kashi 30 na masu A mai tsanani yana samunsu, galibi a allurai 50 na farko. In ka ga an yi allura jini bai tsaya kamar yadda aka saba ba, kar ka ƙara yawa da kanka, a je a yi gwaji. Akwai wani magani, emicizumab, da Amurka ta amince da shi a 2017, a ƙarƙashin fata ake yi kuma ba kullum ba, amma shi na rigakafi ne, ba ya tsayar da jinin da ya riga ya fara.

Masu tsoron cuta a ciki suna da hujja, a shekarun 1980 dubban masu himofiliya sun kamu da HIV da ciwon hanta nau'in C ta maganin da aka haɗa daga jinin mutane. Yanzu ana tantance jinin ana kuma kashe ƙwayoyin cutar, kuma tun 1992 akwai wanda ake ƙerawa a masana'anta ba daga jinin mutum ba.

Tsada kam akwai ta, ga yankewa, ranar da firij ya zama babu ko kwalba ɗaya uwa ba ta da kwanciyar hankali. Ƙungiyar himofiliya ta duniya, WFH, tana ba da gudummawar maganin ta hannun cibiyoyin jinya a ƙasashe da dama, don haka ku yi rajista da cibiyar da ke kula da masu ciwon.

Taurari huɗu cikin biyar na ba ta, ɗayan na cire ne saboda jijiya da saurin ƙarewa. Ku riƙa rubuta rana da yawan yunit da lambar kwalba duk sanda aka yi, kar a ba yaro asfirin ko ibuprofen, kuma in yaro ya bugu a kai, a yi masa allurar nan take sannan a wuce asibiti ko da yana wasansa lafiya lau.