Kuɗin tara ko abinci a kula?

Ni dai yarana biyu, ɗaya a nazire ɗaya a aji 3 na firamare, kuma duka hanyoyin biyu na gwada su.

Kuɗin tara akwai sauƙi wallahi, kin yi musu wanka kin sa yunifom kin miƙa musu shikenan. Amma me suke saya? Alawa, cingam, askirim ɗin leda, zoɓo mai ƙanƙara da ba ki san da wane ruwa aka haɗa ba, in an yi sa'a awara da yaji a bakin get. Yanzu kuma naira 100 ba ta ƙosar da yaro, ga manyan ɗalibai masu karɓe na ƙanana, babban nawa sai da ya yi sati yana dawowa da yunwa kafin ya faɗa min.

Abincin kula kuwa wahala ce, ana idar da asuba kina kicin, ga tsadar gas, ki dafa taliya ko shinkafa da wake, wata rana ya dawo da ita ko taɓawa bai yi ba wai ta ɗan ajinsu ta fi daɗi, lokacin zafi har ta fara tsami. Cokula kam mun yi asararsu ba adadi. Amma na san abin da ya shiga cikinsa, ciwon cikin nan ma ya ragu.

Ƙaramar yanzu kula kawai nake ba ta, yayanta kuma abinci da ɗan canji ranar Juma'a tunda da wuri suke tashi.