Ɗakin ɗorawa a bayan a-kori-kura: kwana lafiya lau, tuƙi sai a hankali

A nan Amurka ana sayar da wani ɗan ɗaki da ake zurawa cikin bodin a-kori-kura, da gado a saman kan direba, da murhun gas, da tankin ruwa, har da ɗan banɗaki. Na hannu na saya, na ɗora wa Ford F-250 ɗina. Wajen kwana ba ni da ƙorafi. Maganata a kan tuƙi ce.

Nauyin da mai sayarwa ya faɗa mini na ɗakin ne fanko. Ruwa kuwa kowace lita kilo guda ce, ga batir, ga tukunyar gas, ga tukwane da shinkafar uwargida. Da na hau sikelin CAT na manyan motoci, wanda ke auna nauyin da ke kan gatarin gaba (ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba) daban, na baya daban, sai na ga kusan duk ƙarin a kan tayoyin baya ya sauka, kuma saura ƙiris in cike adadin lodin da ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba. Sitiyari ya yi sako-sako, fitilu na haska sama. Wanda ya taɓa ganin mota an jibge mata buhunan masara a wutsiya, hancinta ya ɗaga, ya san abin da nake nufi.

A gefen ɗakin akwai alamar da ke nuna tsakiyar nauyinsa, kuma so ake ta kasance gaban gatarin baya. Tawa daidai kansa ta tsaya. Sai na kwashe duk kaya masu nauyi na mayar gaba, a ƙasa, na bar tawul da barguna a kabad ɗin sama. Nan take motar ta natsu.

Jakunkunan iska da na sa wa sifirin baya sun ɗaga ta ta daidaita, amma fa ba su ƙara mata ƙarfin ɗauka ko kilo guda ba. Abin da ya rage tangaɗi a kwana shi ne ƙarfen hana karkata mai kauri, da cika tayoyin baya da iska zuwa PSI 80 a ma'aunin iskar taya.

Iska ce ba ta da magani. A babban titin I-80 cikin jihar Wyoming, duk tirelar da ta wuce ni sai ta tura ni gefe sannan ta jawo ni, hannu biyu nake riƙe sitiyari. Birki ma sai ka fara takawa tun daga nesa, ga shan mai.

Mai babbar mota ya saya. Mai ƙarama, irin ta rabin tan, ya duba takardar ƙofarsa tukuna.