Wata bakwai da iyafis ɗina mara waya, kunnen dama ya kusa sa ni na jefar da shi

Jama'a yau dai bari na yi maganar iyafis ɗin nan da na saya, irin mai kunne biyu ɗin nan da ba igiya, wanda ake sakawa a ɗan akwatinsa ya yi caji. Wata bakwai kenan ina amfani da shi kullum, ina ganin yanzu na san halinsa ciki da bai. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don na duba na abokaina wajen guda uku kuma duk kusan ƙira ɗaya ce da hali ɗaya, suna ne kawai ya bambanta a jikin murfi.

Na fara da yabo kafin a ce ban da adalci. Sauti ba laifi wallahi, bas ɗinsa yana da nauyi amma bai danne muryar mai magana ba, yana zama daram a kunne ko ina sauri, batir yana kai ni wajen awa biyar a caji ɗaya, akwatin kuma yana cika su kamar sau uku kafin shi ma ya nemi caja. A jikin kwali an rubuta Bluetooth 5.3. Ranar farko ina buɗe murfi sunansa ya fito a waya, na danna, wata murya ta yi magana a kunnena, shikenan. Na ce a raina ashe abin ba wuya.

Sati uku da haka sai kunnen dama ya yi shiru. Hagu yana waƙa, dama kamar an toshe min kunne da ƙullin roba. Na mayar da su akwati na rufe na buɗe, ba canji. Na kashe Bluetooth na kunna, ba canji. Na kashe wayar gaba ɗaya na kunna, nan ma haka. Da na shiga setin na duba sai na ga sunan iyafis ɗin ya fito sau biyu a jeri, in na danna na sama hagu ya ɗauka, in na danna na ƙasa dama ya ɗauka hagu ya ajiye, kamar kishiyoyin da ba sa ga maciji. A nan ne na fara gane cewa haɗin nan ba guda ɗaya ba ne, biyu ne. Akwai wanda ke tsakanin waya da iyafis, akwai kuma wanda ke tsakanin kunnen hagu da na dama su da kansu, kuma wannan na biyun ba ka ganinsa a ko'ina a waya. A tsofaffin ƙira kunne ɗaya ne shugaba, shi yake karɓar sauti daga waya ya miƙa wa ɗan'uwansa, sababbi kuma da yawansu kowanne yana ji daga waya amma duk da haka dole su riƙa tuntuɓar juna don kar ɗaya ya riga ɗaya. To in suka manta da juna kowa sai ya fito yana tallan kansa shi kaɗai, kai kuma kana ta fama da waya alhali ita ba ruwanta.

Maganin shi ne a wanke musu ƙwaƙwalwa su koma yadda suka fito daga kamfani, amma akwai tsari, kuma rashin bin tsarin ne ya ɓata min kwana biyu. Da farko ka shiga setin na waya ka goge sunan iyafis ɗin kwata-kwata, duka biyun in biyu ne suka fito, ba cire haɗi kawai ba, ka sa wayar ta manta da shi. Sannan ka kashe Bluetooth ɗin wayar da na duk wani abu da ka taɓa haɗa shi da shi a kusa. Ni kuskurena kenan, ina yi ina barin Bluetooth a kunne, kafin kunnuwan su gaisa da juna waya ta riga ta cafke ɗaya. Nawa ana sa su a akwati murfi a buɗe a danne wajen taɓawa na duka biyun kamar sakan goma sai fitila ta yi ƙyafta ja da fari, wasu kuma maɓalli ne a bayan akwatin ko a cikinsa, kowane kamfani da nasa salon don haka kar ka ɗauki nawa ka ce dole haka naka yake. Bayan nan na rufe murfi na jira kaɗan, na ciro su tare na ajiye kusa da juna har fitilar ɗaya ta daina ƙyaftawa, sai a lokacin na kunna Bluetooth. Suna ɗaya ya fito. Kai ranar na ji daɗi kamar an min kyauta.

Abin haushi, takardar bayanin da ta zo a kwali tana da wannan bayanin amma da wani ƙanƙanin rubutu da sai da na ɗauke shi hoto na buɗa sannan na iya karantawa, kuma ko kaɗan ba ta ce a fara gogewa daga waya ba. Wannan laifinsu ne ba nawa ba.

Na zaci an wuce wajen, bayan kwana goma sai ga wani sabon salo. Da safe in ɗauko su, hagu ɗari bisa ɗari, dama ko tashi ba ya yi, ya mutu murus. Sannan wani abin mamaki, sai a kira ni in ɗaga waya in ta halo halo ba na jin komai, mai kira kuma daga baya ya ce yana jin kamar ana murza leda. Har na fara zargin sifikar wayata. Ƙanina ne ya karɓi wayar ya ja saman allo ya nuna min alamar Bluetooth, ya ce Yaya ai wayarka a haɗe take da iyafis, na ce wane iyafis, ga shi can a akwati a aljihun jaka murfi a rufe. Ashe duk maganar mutane tana tafiya cikin akwati ne.

Na haska fitilar waya cikin ramin da kunnen dama yake zama. Akwai wasu ƴan tsinin ƙarfe guda biyu masu ruwan gwal a ƙasan ramin, masu ɗan lotsawa in ka danna su dawo. Na hagu suna sheƙi, na dama kuwa ɗaya ya yi wani kore-kore kuma ya lotse ya ƙi ɗagowa, a jikin iyafis ɗin ma wajen da yake taɓa tsinin an samu wani dafkin datti, gumi ne da maiƙon kunne da ƙura suka haɗu suka daskare. To a nan duk sirrin yake. Iyafis ba ya sanin an mayar da shi gida sai ya ji wuta ta shigo ta tsinin nan, ita ce take ce masa ya kashe kansa ya saki waya. In bai ji ba a zatonsa har yanzu yana kunnenka, sai ya kwana bai kashe kansa ba yana riƙe da waya har batir ya ƙare, gari ya waye ɗan'uwansa ya tashi ya neme shi ya rasa. Ina kyautata zaton rabuwar farkon ma daga nan ta samo asali. Na samo auduga irin mai tsinke na ɗiga mata sifirit kaɗan, kaɗan fa ba jiƙawa ba, na goge wajen, na sa tsinken sakace na ɗan danna tsinin a hankali sau biyu uku sai ya yi tsalle ya dawo. Na bari ya bushe na mayar da shi, nan take fitilar caji ta kama. Kar ka sa allura ko wani ƙarfe a wajen, kana iya haɗa tsinin biyu ko ka kankare rufin da ke kansu. Wani abu kuma da na lura, in akwatin kansa ya mutu ba caji ko ɗigo, to kunnuwan biyu sukan farka da kansu su nemi waya, dalili ɗaya ne, wuta ta daina zuwa musu.

Sai maganar yankewa in ina tafiya, wannan kam ban ɗora wa iyafis ɗin duka ba. Bluetooth yana aiki ne a kan zangon siginar rediyo na 2.4 GHz, kuma wajen nan cunkoso ne da shi, Wi-Fi yana nan, linzamin kwamfuta mara waya yana nan, har na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ma a wajen 2.45 take aiki. Dabarar da yake yi ita ce tsalle-tsalle, ya raba zangon gida 79 yana sauya gida sau 1600 a cikin sakan guda don ya kauce wa karo, amma in wajen ya cika da mutane kowa da wayarsa da nasa iyafis ɗin dole ka ji ɗan ƙit-ƙit. Kuma jikin mutum kansa katanga ne, yawancinsa ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye irin wannan sigina. Mita goman da ake faɗa a fili ne ba komai a tsakani. Ni in na sa waya a aljihun baya na wando na fita waje sai ya riƙa tsinkewa duk sanda na waiga, a ɗaki kuma ba ya yi saboda siginar tana bugun bango ta dawo ta zagaye ni. Da na mayar da wayar aljihun gaba ta ɓangaren dama sai abin ya ragu sosai, wanda ya sa nake ganin a nawa dama ne ya fi ɗaukar nauyin haɗin. A gida kuma na mayar da waya kan Wi-Fi na 5 GHz, yankewar da nake samu in ina kallon bidiyo ta tafi. Wallahi har dariya abin yake ba ni, sunan Bluetooth daga wani sarkin Denmak aka samo shi, Harald, wanda ya haɗa kan ƙabilu a ƙarni na 10, wai alamar haɗin kai, ga ni nan kunne biyu ma ya kasa haɗa min.

Inda iyafis ɗin ya gaza da gaske shi ne haɗa na'ura biyu a lokaci guda, abin da suka fi tallatawa a kwali. Wai kana kan laftof in kira ya shigo ya koma waya da kansa. Komawar yana yi, dawowar ce aiki. Ka gama waya ka danna bidiyo a laftof shiru, sai ka kashe Bluetooth ɗin waya sannan ya tuna da laftof. Wani lokacin kuma ina jin karatu a waya, laftof yana can kan tebur ya yi ɗan ƙarar shigowar saƙo, shikenan ya fizge sautin ya bar ni da shiru. Na sauke manhajarsu na yi musu afdet, aka ce kar a buɗe murfi kar a matsar da waya sai an gama, na zauna ina kallon akwati minti goma kamar mai gadi, ya ɗan gyaru amma bai warke ba. Ƙarshe kashe wannan tsarin na yi a manhajar, yanzu da hannu nake sauyawa kuma hankalina ya fi kwanciya.

Akwai wani da na so na ɗora musu sai na gane ba nasu ba ne. In na shiga mitin a laftof sai sauti ya koma siriri kamar tsohuwar rediyo. Haka Bluetooth ɗin da aka saba yake, hanyar jin waƙa daban mai suna A2DP, hanyar kira daban mai suna HFP, da zarar makirfon iyafis ya buɗe sai a koma ta biyun wadda ingancinta bai kai ba. Ko mai tsadar ma haka yake yi. Abin da nake yi shi ne na zaɓi makirfon laftof ɗin a setin na bar iyafis da aikin ji kawai, sauti ya dawo garau. Sabon tsarin LE Audio da aka sanar a 2020 an yi shi ne don rage irin wannan, amma sai waya da iyafis duka suna da shi, kuma ganin 5.3 a kwali ba ya nufin an saka shi, nawa dai babu. Masu gem kuma ku sani akwai ɗan jinkiri tsakanin abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, a fim ba na lura saboda manhajar tana daidaitawa, a gem kuwa sai an harbe ka sannan ka ji ƙarar.

Wajen taɓawar ma yana da rawar kai, gyara zamansa kawai za ka yi a kunne ya tsayar da waƙa, sau biyu ya katse min kira ina tsaka da magana.

To zan ce a saya? In waya ɗaya gare ka kuma jin waƙa da karatu da kira ne buƙatarka, eh, ina ba shi uku da rabi cikin biyar, da sun gyara sauya na'urar nan da huɗu zan ba shi. In kuwa aikinka tsakanin laftof da waya ne duk yini, ko gem ne ya dame ka, nemi wani ko ka riƙe mai igiyarka. Ni dai yanzu duk ƙarshen sati ina goge tsinin nan, in na mayar da su akwati kuma sai na tsaya na ga fitilar kowanne ta kama kafin na rufe murfi, wata huɗu kenan kunnen dama bai sake min shiru ba. Tsinin da ya lotse ɗin nan dai ya fara ɗan nauyin ɗagowa kuma, jiya ma sai da na sa masa tsinke.