Wankansu ba laifi, amma kada ka bari su matse maka kare

Da farko taurari huɗu na yi niyyar ba wannan wurin wanka da askin karnuka, domin in dai wanka ne ba ni da ta cewa. Karyata Cocker Spaniel ce, gashi har ƙasa, kuma kullum tsaf take dawowa. Abin da ya haɗa ni da su wani aiki ne da suke cusawa cikin kuɗin wankan, wai matse jakunkunan dubura, suna yi wa kowane kare, yana buƙata ko ba ya buƙata.

Wanda bai san su ba, wasu 'yan jakunkuna ne guda biyu a gefen duburar kare, a ɓoye cikin nama. In ka ɗauki wurin a matsayin fuskar agogo, ɗaya tana wajen ƙarfe 4, ɗaya wajen ƙarfe 8. Wani ruwa suke tarawa mai ƙarnin ruɓaɓɓen kifi, kuma in kashin kare yana da tauri, shi ke matse su da kansa yayin fitowa. Kare mai lafiya zai iya gama rayuwarsa ba wanda ya taɓa masa wurin. Ƙananan karnuka, da masu ƙiba, da masu yawan gudawa ko ƙaiƙayin fata, su ne abin ya fi damu.

Tawa ta fara jan gindi a ƙasa, tana juyawa tana lasar ƙarƙashin wutsiya ba ji ba gani, ga ƙarnin nan duk inda ta zauna. Na kai ta wanka, na faɗa wa yaron da ya karɓe ta dalla-dalla. Ya ce, "Haba Malam, wannan ai aikinmu ne na kullum, yanzu za mu zubar da shi." Da na dawo ɗaukarta na tambaya ko wani abu ya fito, ya ce ɗan kaɗan, ma'ana babu komai a ciki, in je in ba ta maganin tsutsar ciki. Ina jin kukanta tun daga bakin ƙofa lokacin da suke matsar, ya ce shagwaɓa ce kawai.

Ba a jima ba ta daina yarda ta zauna daidai. In za ta yi kashi sai ta tsuguna ta yi ƙara ta miƙe. Gefen hagu ya kumbura ya yi ja yana sheƙi, ko wutsiyarta ka taɓa sai ta kawo cizo, karyar da ba ta taɓa ɗaga wa kowa haƙori ba. Da daddare wurin ya fashe. Jini da mugunya a shimfiɗarta, ga rami a fatar kusa da dubura. Na ɗauka hanjinta ne ya ɓule, wallahi ban rintsa ba.

Likitan dabbobi ne ya warware mini zancen. Su masu wanka daga waje suke matsawa da yatsu biyu, kuma in ruwan ya riga ya daskare ya toshe 'yar ƙofar, matsar waje ba ta fitar da shi, sai dai ta ƙara ƙuje wurin. Shi da safar hannu da man shafawa yake sa yatsa ɗaya ciki, ya ji girman kowace jaka, ya zubar da ita har ƙarshe. Ta dama da ya matse, abin da ya fito kauri ne da shi kamar man goge baki. Ta hagu kuwa sai da aka yi mata allurar barci aka wanke ramin, aka ba mu maganin kashe ƙwayoyin cuta da na rage zafi, da kwalar roba ta wuya don kada ta lashe. Ya kuma ce yawan matse jakar da lafiyarta ƙalau na iya sa ta kumburi. To ni kowane wanka ana yi mata, ba a taɓa tambayata ba.

Na so in bar musu taurari biyu, tunda ba su suka ƙirƙiri ciwon ba, kuma jan gindi kan iya zama tsutsa da gaske. Amma da na tuna yadda muka yi da mai wurin, raina ya sake ɓaci. Na kira in sanar da ita, ba kuɗi nake nema ba, sai cewa ta yi su ba likitoci ba ne. To madalla, me ya hana yaronki ya faɗi haka ranar da na kawo ta tana jan gindi? Kalma ɗaya, "kai ta asibiti", da ta wadatar. Shi ya rubuta mini maganin tsutsa da baki, yanzu kuma ba likitoci ba ne. Har saƙon tunin wanka na gaba suka turo mini, da matsar a ciki.

Yanzu an rage mata ƙiba, ana zuba mata garin faiba mai kabewa a abinci, kashin ya yi tauri, kuma Likita ne kaɗai ke duba wurin in ta nuna alama. Ya ce in abin ya riƙa dawowa akwai tiyatar cire jakunkunan gaba ɗaya, sai dai wasu karnukan kan kasa riƙe kashi bayanta, don haka ba a gaggawa.

Tauraro ɗaya, na wankan ne. Wanda zai kai nasa ya ce musu a cire matsar, kuma ya tsaya ya ga an rubuta.