Madubi da hannun da ya shanye: abin da na gani

Duk wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama ya san ƙafa takan riga hannu dawowa. Hawan jini ne ya kayar da ni, ɓangaren hagu ya tafi. Har na fara takawa da sanda zuwa masallacin unguwarmu a Ƙofar Ƙaura, amma yatsun hagu suna nan a dunƙule, ba na iya ɗaure tazuge sai an taimaka mini. Wannan ya fi ciwon kansa ƙona mini rai. Mai gashin ƙashin da ke duba ni ce ta ce, "Baba, za mu ƙara madubi a kan abin da muke yi."

Aikin ba shi da wuya. Ana tsayar da madubi a kan tebur daidai tsakiyar ƙirji, fuskarsa na kallon lafiyayyen hannu, shanyayyen kuma yana ɓoye a bayansa. Sai ka riƙa buɗe yatsun lafiyayyen hannun kana rufewa, kana juya tafin hannu, kana ɗaukar cokali ko murfin kwalba, idonka na kan hoton da ke cikin madubin. Abin da ido ke gani shi ne hannun hagu yana motsi lafiya lau. Ƙwaƙwalwa tana karɓar wannan hoton, sai sassan da ke tsara motsin wancan hannun su farka. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, V. S. Ramachandran, ya fara amfani da dabarar a shekarun 1990 ga waɗanda aka yanke wa hannu amma suna jin ciwo a hannun da babu shi. A 1999 aka buga gwajinta a kan masu shanyewar ɓarin jiki, kuma bitar da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken likitanci ta yi a 2018, wadda ta haɗa bincike 62, ta nuna tana ƙara motsin hannu da iya hidimar kai.

Ranar farko tsigar jikina ta tashi, don na ji kamar ana jan yatsun da ke ɓoye. Motsi na gaske kuwa sai da aka ɗauki makonni. Babban yatsa ne ya fara ɗagawa kaɗan, manuniya ta biyo baya. Yanzu ina riƙe buta da hagu idan ba a cika ta ba, ina kuma danne takarda in yi rubutu da dama.

Madubin da aka fara sayo mini a kasuwa mai araha ne, yana lanƙwasa hoto, yatsu su fito dogaye. Irin wannan ba ya aiki, domin da zarar ido ya gane ba hannunka ba ne, shi ke nan. Wani kafinta ne ya haɗa mini akwatin katako da madubi mai kauri wanda ke rufe hannun har gwiwa, kuɗinsa bai kai na maganin wata guda ba. Dole a cire agogo da zoben azurfa. Mata kuma su lura da lalle, kada hannu ɗaya ya sha bamban da ɗayan.

Inda yake da wahala shi ne natsuwa. Minti ashirin zuwa talatin kana kallon hannunka, ba rediyo, ba hira, abu ne mai gundura sosai, kuma idan jikoki suka shigo zaure zaman ya lalace. Bayan sallar asuba na fi samun sa. Wani lokaci nakan ji jiri, sai in rufe ido in huta. An kuma gaya mini wanda ganinsa ya taɓu, ko wanda ba ya lura da ɓangaren da ya shanye gaba ɗaya, sai an duba shi tukuna kafin ya fara.

Kafaɗata dai madubi bai yi mata komai ba. Nauyinta da taurin gwiwar hannu gashi da miƙa jijiya ne suka rage su, shi ya sa ban daina zuwa asibiti ba, ban kuma ajiye maganin hawan jini ba. Abin da nake roƙon masu gashin ƙashi a Katsina shi ne su riƙa koya wa 'yan uwan majinyaci wannan dabara tun kafin sallama, musamman masu zuwa daga Batsari ko Jibiya da kuɗin mota ke hana su dawowa kowane mako.