Faifan Medtner na da: wanne ya kamata ka saya?

Nikolai Medtner, makaɗin fiyano kuma mai tsara kiɗa ɗan Rasha, an haife shi a Mosko a 1880, ya rasu a Landan a 1951, duniya ta kusa mantawa da shi. Abin da ya ceci kiɗansa shi ne kuɗin Sarkin Mysore na Indiya, Jayachamarajendra Wadiyar, wanda ya ɗauki nauyin naɗar kiɗan a kamfanin HMV tun daga 1947. Medtner da hannunsa ya kaɗa manyan kiɗansa uku na fiyano tare da ƙungiyar makaɗa ta Philharmonia. Sai dai an buga su a faifan garmaho mai juyi 78 a minti, daidai lokacin da dogon faifai na LP ya fito a 1948, kasuwarsu ta mutu tun da ƙuruciya.

Faifan asalin nan shi ya fi jan rai, shi kuma ya fi wahala. Da wani irin ƙaro ake yin sa, yana da nauyi, yana fashewa kamar tangaran, zafin rana kuma na lanƙwasa shi. Gefe ɗaya minti huɗu ne da ɗoriya, don haka kiɗa na uku, mai tsawon sama da rabin awa, a faifai da dama yake. Ƙirga su kafin ka biya, domin idan ɗaya ya ɓata an bar ka da giɓi a tsakiyar kiɗa. Nemi hoton faifan a ƙarƙashin fitila: layin da ya yi furfura alama ce tsohuwar allurar ƙarfe ta cinye shi, kuma wanki ba ya maganin wannan. Kada sifirit ya taɓa shi, narkar da ƙaron yake yi. Allurar LP ma ba ta yi masa, ta yi siriri, sai ta nutse ƙasan layi ta kwaso ƙara zalla. Allura mai kaurin tsini yake so, wajen maikiron 65 zuwa 75 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da na'ura mai juyi 78. In ba ka da su, ado kawai ka saya.

Kamfanin Melodiya na Tarayyar Sobiyet ya sake buga wasu a LP. Suna da sauƙin kunnawa, amma kwafi ne daga tsohon naɗi.

Ga mai son sauraro, CD ya fi. Kamfanin APR ya tattara kiɗan da Medtner ya yi shi kaɗai a CD uku, har da naɗin farkon shekarun 1930 da bai fito ba a zamaninsa. Kamfanin Testament kuma ya fitar da na biyu da na uku cikin manyan kiɗan nan uku, waɗanda Issay Dobrowen ya jagoranta. A nan aikin injiniyan da ya kwafo sautin ne abin dubawa. Saurari samfuri tukuna. In ka ji shiru tsit, babu ɗan shuu ɗin nan na tsohon faifai, yi hattara: an tace ƙarar fiye da kima, an haɗa da zaƙin fiyanon, sai ka ji shi kamar daga cikin randa. Kasa kunne kuma a mahaɗar gefe da gefe, kowane minti huɗu ko biyar, ko sautin ya ɗan hau ko ya sauka, wanda ke nuna ba a daidaita gudun juyin ba.

In ta intanet za ka sauke, zaɓi FLAC, nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti. MP3 mai ƙaramin nauyi yana mayar da shuu ɗin ya koma kamar kurɓar ruwa, ya fi ƙarar asali damun kunne.